Guɗar da Na Rangaɗa a Gidan Wasan Sinawa

Tun da na dawo daga birnin Gwanzu na ƙasar Sin ban huta ba. A rumfa tambaya, a gidan biki tambaya, har Hajiya Rabi ta tsare ni a bakin masallaci wai in gaya mata ko gaskiya ne Sinawa suna cin maciji. Suna ci, Rabi, na gan su a keji da idona, amma ba shi ne labarin ba. Jiya kuma na ji wata tana yaɗawa wai an kore ni daga gidan rawa a can. Na san inda zancen ya fito, daga bakin Habu ne, ƙanena, wanda cikinsa ba ya riƙe magana ko ta minti ɗaya. To waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ku gyara zama.

Kun san sana'ata gyale ce, shekara goma sha ina saro a hannun masu zuwa Dubai. Bara a wani biki na ga gyale a kafaɗar wata baƙuwa daga Maraɗi, mai aikin zare a gefe, irin wanda ban taɓa gani a kasuwar Kwari ba. Na bi diddigi har na gano mijin yayarta ne ke aiko da shi, Alhaji Mamman, wanda ya shekara biyu zaune a Gwanzu yana kai 'yan kasuwarmu wurin masu kamfani. Na aika masa, ya ce in zo. Maigidana ya yarda, da sharaɗin Habu ya raka ni. Muka tashi da damina, shekara guda bayan Turawa sun mayar wa Sinawa tsibirin Hankon.

Hanyar kam ba zan yi wa maƙiyina fatanta ba. Jirgi uku muka canza. Kafin mu sauka Hankon ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, na riƙe shi a hannu na ratsa filin jirgin da safa. Muka kwana a wani ɗaki da in ka miƙe hannu biyu za ka taɓa bango da bango, washegari muka hau jirgin ƙasa.

A kan iyaka ne aka buɗe jakata. Wani matashin ɗan kwastan ya zaro ƙullin kuka, ya ɗaga shi sama, ya kira 'yan'uwansa biyu. Koren gari a leda, ku da kanku kun san abin da suka zata. Habu ya fara zufa yana Turanci, su ba sa ji. Ni kuwa na karɓe ledar, na dangwali kukar da yatsa na lasa, na yi alamar tukunya da muciya, na shafa ciki. Ɗayansu ya lasa shi ma, ya yamutsa fuska, suka bushe da dariya. Sai ƙaddara ta sa ya kwance ƙullin daddawa. Bai tambayi komai ba, ya ɗaure da sauri, ya zuge jakar, ya yi mana hannu mu wuce.

Alhaji Mamman ya tarye mu a tasha. Dogo ne siriri, mai sanyin magana, kowace jimla sai ya fara ta da "bon" irin na mutanen Nijar. Ya sauke mu a wani otal a kan titin Huwanshi, hawa na tara. A kowane hawa akwai mace zaune da tebur, ita ke riƙe da makulli, ita ke kawo filas na ruwan zafi safe da yamma. Tamu ta kama hannuna ranar farko tana murza lallen da yatsa ko zai fita. Buta kuwa babu ita a garin nan gaba ɗaya, Allah ya taimake ni na ƙunso tawa, Habu da ya yi min dariya a Kano shi ne ya fi kowa aro.

Abinci sai wurin Musulminsu masu fararen huluna, inda ake jan taliya da hannu a gabanka. Da tsinke biyu suke ci. Na gwada sau ɗaya taliyar ta koma cinyata, daga ranar cokalina yana cikin jaka duk inda za ni. Shayinsu ba madara ba sukari, kuma ba ka isa ka ga ƙasan kofi ba, kana kurɓa ana ƙarawa. In an zuba maka ba a cewa komai, sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyar ke nan. Mu da za mu yi "sannu da aiki, an gode, Allah ya saka" har shayin ya huce, abin ya ba ni mamaki.

Tun a hanyar kasuwar Baima Alhaji ya ja min kunne. Ya ce gyalen nan mace ɗaya ke yin sa, Madam Lam, kuma ba ta karɓar ƙaramin aiki irin nawa sai don shi. Wata takwas ya yi yana zuwa gaishe ta kafin ta ba shi kujera. Duk mutanen Maraɗi da Yamai da Kano da ke zuwa wurinsa, don ƙofar nan suke zuwa, in ta rufe shi ma sai ya naɗe tabarmarsa. "Bon, Hajiya," ya ce, "wagga mata ba ta da wasa. Ki auna kowace magana kafin ki sake ta." Na ce masa haba Alhaji, ni da nake ciniki da matan Kano, wace mace ce za ta gagare ni.

Baima gini ne hawa-hawa, tufafi tun daga ƙasa har sama, da matattakala mai tafiya da kanta wadda sai da Habu ya riƙe ni kafin na taka. Shagon Madam yana hawa na uku. Ba mu same ta ba, tana can kamfani, sai ɗanta, magidanci mai kamar shekara talatin, mai fara'a, kowa "lawban" yake ce masa, wato maigida. Ya karɓi samfurin gyalen da na zo da shi ya ce a jira uwar. Kwana biyar muna zuwa muna jira, kullum amsar ɗaya, "meyo", wato babu.

A kan kantar shagon akwai 'yar talabijin da na'urar faifai, kuma fim ɗaya ɗan yake sakawa daga safe har yamma. Kun san ni da fim. Ban ji ko kalma ba, amma kafin kwana uku na haddace shi, abin da ya shige min duhu Alhaji ya warware min. Labarin wata tsohuwa ce da ta tsinci jariri a shekarar yunwa. Don ta raya shi, ita da yaran ƙauyen, ta riƙa ɗibar shinkafa a rumbun sarki. Yaron ya girma, ya yi karatu, ya zama alƙali. Sai tsohon laifin ya tashi, aka kawo ta gabansa, hukuncin kuwa kora ce daga ƙasar har abada. A fim ɗin akwai wata kyakkyawar budurwa mai faɗa da takobi tana tsalle kan rufin gidaje, akwai kiɗan zamani, a ƙarshe mahayin doki ya iso a guje da takardar afuwa daga sarki, aka saki tsohuwa, aka ɗaura auren alƙali da mai takobi. Ya yi min daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ranar ta shida Madam Lam ta zo. Gajeriya ce, ta kai sittin, gashi a yanke, tana tafiya a miƙe kamar soja, muryarta kuma mai kauri. Ta duba samfurina ciki da waje, ta gyaɗa kai, ta sa aka kawo shayi. Na ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, ta yi murmushi. Na ce a raina an gama. Sai ta tambaya ta bakin Alhaji, me ya fi burge ni tun da na zo ƙasarsu.

To ku ku faɗa min, in ka shiga gidan mutum aka yi maka wannan tambaya, ba abin da ke cikin gidan za ka yaba ba? Na nuna talabijin. Na ce fim ɗin nan, ban taɓa ganin irinsa ba, ya fi na Indiya, wanda ya shirya shi Allah ya yi masa albarka. Har da ɗaga babban yatsa, don kada a ce Alhaji bai fassara daidai ba. Ɗan ya tafa hannu yana dariya yana kallon uwar. Ita kuwa ta ajiye kofinta a hankali, ta tashi ta kashe talabijin. Ta ninke samfurina gida huɗu, ta miƙo min da hannu biyu, ta ce injinanta ba su da sarari.

A waje Alhaji ya tsaya da ɗan suka yi magana mai tsawo, ya dawo fuskarsa ba daɗi. Ashe labarin nan ba fim ba ne asalinsa. Tsohon wasa ne da ake yi a kan dandamali da waƙa, tun kakanninsu. Bara ne wasu matasa suka mayar da shi fim, garin ya rabu biyu. Samari da 'yan mata sun cika gidajen silima, suna cewa yanzu ne labarin ya farka, don na dandamalin barci yake sa su. Tsofaffi kuma suna cewa an ɗauki wasan an yanke masa ƙafa an sa masa taya. Masu rubutu a jarida ma sun yi ta jifan juna a kai, wasu na cewa da ba don fim ɗin ba da wasan ya bi tsofaffinsa kabari, wasu na cewa wannan ai shi ne kabarin. Madam Lam kuwa tun tana budurwa take cikin wata ƙungiyar masu sha'awar wasan, shekara arba'in tana hawa dandamali da shi. Rigimar har cikin gidanta, ɗan ba ya saka faifan sai ba ta nan, ranar ne ya manta bai kashe ba. Ni kuma na zo daga Kano takanas na ba shi gaskiya a gabanta.

Alhaji bai yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce laifinsa ne da bai bincika ba. Amma na ga yadda ya tsaya yana kallon ƙofar shagon, na san ba gyalena yake tunani ba. Mutum ya yi maka rana, kai kuma ka yi masa dare. Wallahi ranar ko taliyar ban iya ci ba.

Bayan kwana biyu ɗan ya zo otal da tikiti uku. Uwar ta ce ran Lahadi da rana ƙungiyarsu za ta yi wasan, a kawo baƙuwar nan ta ga abin da ta raina. Alhaji ya ce wannan ce dama ta ƙarshe. Nan Habu ya ga wurin tona min asiri, ya ce a gida in ana kallon fim Yaya ba ta yin shiru, ita ce mai gaya wa jarumi ya waiwaya ga mugu nan a bayansa. Alhaji ya dube ni ya gindaya min sharuɗɗa uku: in zauna, in kama bakina, in tafa in na ga ana tafawa. Na ce na ji, na kuma rantse.

Muka yi azahar muka tafi. Wurin a saman wani gidan shayi yake, zaure ne mai faɗi da tebura, mutum kamar ɗari biyu, kusan duk masu furfura. Ana shan shayi, ana ɓarar 'ya'yan kankana, ana hira. A teburin gaba wani tsoho ne zaune shi kaɗai, ƙashi da fata, da tabarau da mafici a hannu. Ɗan Madam ya raɗa wa Alhaji cewa shi ne mai rubutu a jarida kan wasanni, kowa tsoronsa yake ji. Ya yi wa fim ɗin kaca-kaca, amma ƙungiyar uwar ma ba ta taɓa tsira daga alƙalaminsa ba. Na tambaya ina Madam, aka ce tana bayan labule tana shiri. Muka yanke a tsakaninmu cewa ita ce za ta fito a tsohuwar, don wa kuma mace mai shekara sittin za ta fito?

Da aka fara, na ce yau na shiga uku. Kuge da faranti na ƙarfe ake bugawa, ƙara har cikin haƙori, ga wani ɗan goge mai tsirkiya biyu yana kuka. 'Yan wasan sun shafe fuska da fari da ja, ba ka gane kowa. Mutum zai ɗauki kalma ɗaya ya ja ta ya ja ta har ka manta inda ya faro. Dandamalin ba komai sai tebur da kujera biyu. Wani ya fito da bulala yana ɗaga ƙafa, Alhaji ya ce ai doki yake kai. Na duba tsofaffin nan na ga duk idonsu a rufe, na ce wa Habu ashe samarin sun yi gaskiya, barci ake. Sai na lura yatsunsu suna bugun tebur tare da kiɗan, leɓunansu suna motsi. Sun haddace kowace kalma, kunne suka zo ba wa abinci.

Ban san lokacin da abin ya kama ni ba. Ina jin tun daga inda aka kawo tsohuwar gaban shari'a ne. Alƙalin saurayi ne kyakkyawa, dogo saboda takalmi mai tudu, da hular sarauta mai fukafukai, murya garau. Ya buɗe takardar hukunci. Tsohuwar ba ta roƙe shi ba. Ta gyara masa wuyan riga kawai, ta koma ta durƙusa. A fim wannan wurin minti biyu ne, nan kuwa ya yi waƙa ta kusan rabin awa, kuma ban ji tsawonta ba. Hirar zauren ta mutu, ba mai taɓa kofi.

Ni dai hankalina kwance, don na san doki yana tafe da takardar afuwa. Ina ta leƙen gefen labule. Alƙali ya karanta hukunci, ba doki. Ya buga hatimi, ba doki. Babu mai takobi, babu kowa. Sai na ga ya ɗaga hannu biyu ya cire hular sarautar ya ajiye a kan tebur. Ya tuɓe alkyabbar ya ninke. Ya zo gaban tsohuwar ya juya mata baya ya tsuguna. Ta ƙi, ya jira. Ta sake ƙi, ya jira. Daga ƙarshe ta kwanta a bayansa, ya miƙe da ita, ya kama hanyar barin ƙasar yana waƙa.

Goyo ne, 'yan'uwa. Ita ta goye shi, yau shi ya goye ta. Waɗanda suka san ni tun ƙuruciya sun san ba mahaifiyata ce ta raine ni ba, Goggo Abu ce, ƙanwar babanmu. Ita ta goye ni a ƙafa daga ƙauyenmu har asibitin gari lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ni. Na yi ta cewa in na samu zan kai ta Makka, in na samu, in na samu, har ta rasu ban kai ta ko Kano ba. Duk wannan ya taso min lokaci guda. Ban yi shawara da kowa ba, ban tuna rantsuwa ba. Na ji ni a tsaye, hannuna a kan hanci, na rangaɗa guɗa. Ba 'yar ƙarama ba, irin wadda nake yi in an shigo da amarya, mai hawa uku.

Gogen ya tsaya cak. Wata mata ta saki kofi ya fashe. Mai raba ruwan zafi ya ruga wajen ƙofa yana dube-dube, daga baya aka ce ya zata ƙararrawar gobara ce. Kawuna ɗari biyu suka juyo. Alƙalin ya tsaya da tsohuwa a bayansa, ƙafa ɗaya a sama, na ɗan lokaci, sannan ya ƙarasa waƙar shi kaɗai ba kiɗa, ya shige bayan labule. Tsohon nan na gaba ya buga maficinsa a tebur da ƙarfi. Na dubi Alhaji Mamman, ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa.

Ba wanda ya kore ni, ku gaya wa mai yaɗa zancen. Ni na kori kaina. Na ja gyalena na fita, na zauna a kan matattakala ina kuka, rabi na Goggo, rabi na kunya. Habu ya biyo ni, ko tsokanar bai iya ba. Alhaji ya fito daga baya ya jingina da bango. Na ce masa ya yafe min, na rushe masa abin da ya shekara biyu yana ginawa. Ya ce, "Bon, Hajiya, arziki na Allah ne."

Muna nan sai ƙofa ta buɗe, alƙalin ya fito da fentinsa da komai, ya nufo ni gadan-gadan, ya kama hannuwana biyu. Na fizge na yi baya ina a'uzubillahi, namiji baligi zai riƙe ni a gaban ƙanena. Habu ya shiga tsakani yana huci. Sai alƙalin ya yi magana da muryarsa ta kullum, mai kaurin nan, Alhaji ya zabura ya miƙe tsaye. Madam Lam ce. Ashe a irin wasansu mata suna fitowa a maza, kuma ita shekara arba'in alƙalin take fitowa. Matar da na ga ta goyi mutum ta zagaya dandamali tana waƙa, ita ce mai shekara sittin ɗin.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce a tambaye ni wannan kukan mene ne, zagi ne ko ciwo ne ya kama ni. Na share fuska na ce wa Alhaji ya faɗa mata daidai, kada ya gyara. Na ce a ƙasarmu mata ke yin sa, kuma ba a yin sa don wasa. Ana yi in an haihu lafiya, ana yi in amarya ta shiga ɗakinta, ana yi in ɗa ya yi abin da ya nuna nonon da ya sha bai tafi a banza ba. Na ce ban yi niyya ba, fitowa ya yi.

Ɗanta yana tsaye a bakin ƙofa, tsohon mai mafici ma ya fito yana saurare. Sai Madam ta yi tambaya ɗaya, Alhaji ya fassara min ita.

"Ta ce, kwana biyar kina kallon fim ɗin a shagonta. Sau nawa kika yi masa wanga abu?"

Na tsaya na yi tunani, don ba na so in sake yin ƙaryar yabo. Na ce, "Ko sau ɗaya. Fim ɗin ya yi min daɗi, har gobe zan kalle shi. Amma ban yi masa guɗa ba."

Alhaji ya fassara. Madam ta juya a hankali ta kalli ɗanta. Shi kuma ya sosa ƙeya ya ce wani abu da ya sa har Alhaji ya murmusa, wai ai ni ma dokin nake jira, ya gan ni ina leƙen labule. Na ce gaskiya ne, na jira shi, kuma da ya zo da ban tashi daga kujerata ba.

Tsohon ne bai huce ba. Ya matso yana nuna ni da mafici yana faɗa. Alhaji ya ce cewa yake a ƙarshen waƙar akwai wata gaɓa da muryar ke hawa ta tsaya a sama, don ita kaɗai ya zo, yau kuma da alama Madam za ta kai ta a karon farko cikin shekaru, ni kuma na taka ta. Madam ta ba shi amsa a taƙaice, wai shekara ashirin yana zama a teburin gaba bai taɓa ko tafawa ba, yau ga wadda ta zo daga bangon duniya ta tashi tsaye. Suka yi ta musu kamar tsofaffin maƙwabta, mu muna tsaye. Daga ƙarshe dai suka daidaita a kan abin da ban taɓa zata ba. Za a sake wasan Lahadi mai zuwa. Madam ta ce in kawo samfurina gobe da safe, amma da sharaɗi: in dawo in sake yin kukan nan. Tsohon ya ce ya yarda, in dai za a yi shi a inda ya dace, bayan muryar ta sauka. Tunda ba na jin waƙar, shi zai ba ni alama.

A kan hanyar komawa muna tafe da Alhaji har muka kai titin Huwanshi. Nan ya tsaya ya sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo, ya ce rabonsa da jin tsoro irin na yau tun ranar da aka yi masa kaciya. Muka yi dariya har mai gadin otal ya leƙo. Ranar na ci taliya kwano biyu.

Lahadin da ta biyo, a teburin gaba aka zaunar da ni, kusa da tsohon. Zancen ya zagaya, zauren ya fi cika, har da wasu samari da ɗan Madam ya jawo, wai sun zo jin baƙuwa mai ƙararrawa. Sun zo don ni, amma sai da suka zauna awa uku suka ga wasan kakanninsu har ƙarshe. Aka zo wurin goyon. Hawaye ya sake zubo min, guɗar ta taso ta tsaya a maƙogwaro, na danne ta ina kallon hannun tsohon. Ya ɗaga maficin sama, idonsa a rufe. Muryar Madam ta hau, ta hau, ta tsaya a can, zauren ko tari babu. Sannan ta sauko. Tsohon ya buɗe ido, ya sauke maficin a kan tebur, ya gyaɗa min kai.

Na tashi na kama hanci na sake ta, hawa uku cif. Wannan karon ba kofin da ya fashe. Zauren ya ɗauki tafi, na waiga na ga Alhaji Mamman ya cire hula yana fifita da ita, bakinsa har kunne. Tsohon bai tafa ba, ba halinsa ba ne. Ya dai miƙa hannu ya ƙwanƙwasa tebur a gabana da yatsu biyu.

Alhaji yana can har yanzu, kujerarsa tana nan a shagon Madam, wancan watan ma ya kai mata mutum biyu daga Yamai. Faifan fim ɗin kuma ɗan ya ba ni kyauta a ɓoye, yana gidana, duk mai so ta zo mu kalla. Sai dai in mun kai wurin da dokin zai shigo zan kashe, in gaya muku yadda aka yi da gaske. Gyalen da kuke ta yabawa a kafaɗata kuwa, Rabi, shi ne wannan, taɓa ki ji aikin.